Tabo a jikin mandolin na hannu: wanda ake kau da kai a kansa da wanda yake hana ciniki

Tambaya: Na ga wani mandolin na hannu, wato ƙaramin abin kiɗan Turawa mai tsirkiyoyi, a wani shafin sayar da kayan kiɗa na intanet, irin mai siffar ɗigon ruwa da ramuka biyu masu kama da harafin f. Mai shi ya rubuta cewa lafiyarsa ƙalau, tabon da ke jikinsa duk na sama-sama ne. A cikin hotunan ina ganin ƙarzuwa a ƙarƙashin tsirkiyoyi, da siraran layuka kamar saƙar gizo a fuskarsa, da lotsawa a gefe, da wani baƙin layi kusa da ɗaya daga cikin ramukan, da kuma wani layin a inda wuya ya haɗu da jiki. Yaya zan bambance abin da ba shi da illa da abin da ya kamata ya sa in fasa saye?

Amsa: Malam, daga cikin abubuwa biyar da ka lissafa, ukun farko ba za su hana ni saye ba, iyakarsu su sa in nemi ragi. Biyun ƙarshe kuwa ba zan tura kuɗina ba sai na tabbatar da abin da suke, domin kowannensu yana iya zama layi ne kawai a kan shafe, wato man ƙyallin da ake rufe katako da shi, yana kuma iya zama alamar cewa katako ya tsage ko mahaɗa ta fara saki. Idan mai sayarwa ya ce tabo na sama-sama ne, sau da yawa ba yaudara yake nufi ba. Abin da idonsa ya nuna masa ya faɗa, kuma yawancin masu kiɗa ba su taɓa leƙa cikin kayan kiɗansu ba. Saboda haka kada ka auna tabo da muninsa. Abin da za ka nema a kan kowane tabo shi ne inda ya tsaya: a kan shafe ya tsaya, ko ya shiga katako, ko kuwa yana kan wurin da aka haɗa katako biyu da gam.

Sanin yadda nauyi yake bi a jikin mandolin shi ne zai sauƙaƙa maka wannan hukunci. Abu ne ɗan ƙarami, amma yana ɗauke da tsirkiyoyin ƙarfe takwas, biyu-biyu a layi huɗu, kuma idan an ɗaure su daidai, jan da matsakaitan tsirkiyoyi suke yi gaba ɗaya yana kaiwa wajen kilo 70 zuwa 80, dare da rana, ko ana kaɗawa ko yana cikin akwati. Wannan ja yana tashi daga mariƙin ƙarfe da ke gindi, ya hau jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyin suke zaune a kansa, ya bi ta wuya har zuwa kai. Jakin ba a manne yake da gam ba, matsin tsirkiyoyi ne kaɗai yake riƙe da shi, kuma wani kaso na wannan ƙarfi yana danna fuska zuwa ciki. Ita kuwa fuskar, wadda galibi ake sassaƙa ta da katakon sifurus, kaurinta a tsakiya bai cika wuce milimita 4 zuwa 5 ba, kusa da gefe kuma yana sauka zuwa wajen milimita 3 ko ƙasa da haka. Duk tabon da ya faɗo a kan wannan hanya ta gindi, jaki, mahaɗar wuya da kai, abin tuhuma ne har sai an wanke shi. Wanda yake gefe da hanyar kuwa, yawanci na ido ne kawai.

Ƙarzuwar da ka gani a ƙarƙashin tsirkiyoyi ita ce mafi sauƙi. Ɗan roban da ake kaɗa tsirkiya da shi ne yake goga wurin, ko farcen ƙaramin yatsa na mai kiɗan da ya saba dafa fuska yayin da yake kaɗawa. Haka ma gogewar da maɓallin riga ko ƙarfen bel suke yi a baya, da dusashewar shafe a bayan wuya inda tafin hannu yake kai da komowa. Wasu makaɗa da kansu suke kankare shafen bayan wuya don hannu ya riƙa zamewa. Duk waɗannan ba su rage sauti da komai. Sanannen misali shi ne mandolin ɗin Bill Monroe, shahararren makaɗin Amurka, samfurin F-5 na kamfanin Gibson wanda injiniyan kamfanin Lloyd Loar ya sa wa hannu ranar 9 ga Yuli, 1923. Shafen fuskarsa ya goge, shi kansa Monroe ya ƙwaƙule sunan kamfanin daga kansa da wuƙa, sannan a 1985 wani ya shiga gidansa ya farfasa shi da ƙarfen tona wuta, mai gyara na kamfanin Gibson, Charlie Derrington, ya harhaɗa shi daga ɗaruruwan gutsattsari, kuma Monroe ya ci gaba da kaɗa shi. Yau yana ajiye a gidan tarihin kiɗan kantiri da ke Nashbil a Amurka. Har ma daga baya kamfanin Gibson ya riƙa fitar da sabbin mandolin da aka tsufar da shafensu da gangan, mutane suna saye da tsada. Ban kawo wannan don in ce duk abin da ya farfashe yana da daraja ba, domin darajar wancan daga maƙerinsa da makaɗinsa ta fito. Na kawo shi ne don ka san cewa a wajen masu wannan kiɗa gogewar hannu ba aibi ba ce. Abu guda da zan duba a irin wannan ƙarzuwa shi ne zurfinta. Idan shafe ya tafi har katako ya fito fili, gumi da datti suna shiga, kuma tun da sifurus katako ne mai laushi, yatsa yana iya haƙa masa kwari a hankali. Ɗan fili kaɗan mai gyara zai rufe shi da siririn shalak, wato wani irin shafen ƙaro, cikin sauƙi. Kwarin da ya ci kusan milimita guda a fuskar da kaurinta bai wuce uku ba a wurin kuwa, ya wuce maganar ado.

Siraran layukan da suka yi rassa a fuska suna buƙatar ka san irin shafen da aka yi amfani da shi, kuma wannan tambaya ce da ya kamata ka yi wa mai sayarwa tun farko, ko ka duba bayanin samfurin a wajen kamfanin da ya ƙera shi. Shafe iri uku ne suka fi yawa. Akwai banish na mai, wanda sau da yawa ake bi da shalak a sama, mai laushi ne, yana saurin ɗaukar tabo har da sawun ƙyallen akwati. Akwai shafen nitro, wanda yake ƙara bushewa da tauri da shekaru. Akwai kuma shafen poli mai kauri da juriya, wanda aka fi samu a kan mandolin masu araha na masana'anta. Layuka masu rassa sun fi zama halin nitro: idan abin kiɗa ya yi sanyi ƙwarai sannan aka fito da shi cikin ɗumi kwatsam, shafe da katako ba sa miƙewa tare, sai shafen ya tsattsage. A kan mandolin mai shekara hamsin ko fiye wannan abu ne da ake sa ran gani, rashinsa ma yakan sa in tambaya ko an sake shafe. A kan wanda bai wuce shekara biyar ba kuwa, layukan ba su da illa da kansu, amma suna ba da labarin cewa an taɓa barin sa cikin tsananin sanyi, don haka sai in ƙara sa ido a kan mahaɗai. Idan kuma shafen poli ne, ba na ɗaukar layi da wasa, domin poli ba ya saurin tsagewa haka kawai. Idan ya tsage, galibi ko an buga wurin ne, ko katakon da ke ƙarƙashinsa ya motsa.

A nan ne maganar baƙin layin da ke kusa da ramin f ta shigo, kuma shi ya fi cancanta ka ɓata lokaci a kansa. Tsagewar shafe da tsagewar katako suna da halaye daban. Ta shafe yawanci tana zuwa da yawa, tana lanƙwasa, tana yin rassa, tana ratsa jijiyar katako ba tare da ta damu da inda jijiyar ta nufa ba, kuma idan ka juya ta a haske tana ƙyalli fari-fari. Ta katako kuwa guda ɗaya ce ko biyu, miƙaƙƙiya ce, tana bin jijiya daga sama zuwa ƙasa, tana farawa daga wuri mai rauni kamar bakin ramin f, ko gefen allon yatsu da ke kan wuya inda ake danna tsirkiyoyi, ko ƙarƙashin mariƙin gindi, kuma tana yin baƙi saboda ƙura da man hannu sun shiga cikinta. Layinka baƙi ne kuma yana kusa da rami, alamomi biyu ke nan da ba su yi mini daɗi ba. Duk da haka ba a yanke hukunci da hoton gaba kaɗai, domin wani lokaci tsagewar shafe ma tana bin jijiya, wani lokaci kuma ita kanta jijiyar ce mai duhu tun daga itace.

Gwajin da zai raba gardama ba ya buƙatar kayan aiki, kuma mai sayarwa zai iya yin sa cikin 'yan mintuna. Ka roƙe shi ya shiga ɗaki mai duhu, ya haska ƙaramar tocila ta cikin ɗayan ramin, ya ɗauki hoton layin daga waje. Idan haske ya ɓullo ta cikinsa, katako ya rabu. Ka roƙe shi ya ɗauki bidiyo yana danna gefe ɗaya na layin da yatsa a hankali. Idan gefe ɗaya ya nutse ɗayan ya tsaya, tsagar a buɗe take. Ka roƙe shi hoto da haske yana zuwa daga gefe kusan a kwance, domin irin wannan haske yana fito da ko bakunan biyu suna daidai ko ɗaya ya ɗara ɗaya. Idan yana da ɗan madubi irin na likitan haƙori, ya sa ta cikin rami a ga bayan wurin. Ta cikin ne za a gane ko an taɓa gyara tsagar, domin mai gyaran kirki yakan zuba gam ya matse, sannan ya manna 'yan ƙananan facin katako a ciki waɗanda jijiyarsu ta gicciye tsagar.

Samun tsaga ba shi ne ƙarshen magana ba, kuma a nan mutane da yawa suke barin kayan kirki su wuce su. Tsagar da aka gyara da kyau, bakunanta suka zauna daidai, ta yi shekaru ba ta ƙaru ba, ba ta hana abin kiɗa yin aiki har tsawon rayuwar mai shi, kuma tsofaffin mandolin masu daraja da yawa suna ɗauke da irinta. Abin da yake bambanta su shi ne wuri. Gajeriyar tsaga a bakin ramin f ta wajen gefe, inda ba nauyi, gyaranta yana da sauƙi. Wadda ta shiga tsakanin ramukan biyu, ta nufi ƙarƙashin ƙafar jaki, ko ta bi kusa da matokaran nan biyu da aka manna a cikin fuska daga sama zuwa ƙasa, wannan tana daidai inda matsi ya fi yawa, kuma ko an gyara ta ina son in san wanda ya yi aikin da lokacin da aka yi. Haka nan tsohuwar tsagar da aka bari a buɗe ta sha datti, gam ba ya kama ta da kyau sai an wanke, kuma ba ta cika ɓacewa daga ido ba bayan gyara. Ka kuma lura da tsakiyar fuska da tsakiyar baya, domin kowannensu rabi biyu ne aka haɗa; siririn layi daidai a tsakiya yana iya zama mahaɗar ce kawai ake gani ta cikin shafe, amma idan ya yi baƙi ko ya buɗe a kusa da gindi, gam ne ya fara saki.

Yawancin irin waɗannan tsagu bushewar iska ce take jawo su. Katakon kayan kiɗa yana son danshin iska ya kasance wajen kashi 40 zuwa 55 cikin ɗari, kuma idan ya daɗe a ƙasa da haka yakan tsuke ta fāɗi har ya rabu. Akwai alama mai sauƙi da take tona wannan: ka tambaya ko bakin ƙarafan da ke kan allon yatsu, waɗanda ake kira firet, suna kartar hannu a gefen wuya. Allon yana tsukewa idan ya bushe, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, sai bakinsa ya leƙo. Idan amsar i ce, kuma ga baƙin layi a fuska, to zato ya ƙara ƙarfi cewa katako ne ya tsage.

Akwai wata illa da ba ka ambata ba saboda hoton gaba ba ya nuna ta ko kaɗan, alhali ta fi duk wani tabo muhimmanci, ita ce nutsewar fuska. Fuskar mandolin irin wanda ka kwatanta a tashe take kamar ta goge na Turawa, kuma idan an sassaƙa ta da siranta fiye da kima, ko matokari ya saki, ko an ajiye shi cikin zafi, tudun yakan lotsa a ƙarƙashin jaki. Ka nemi hoto daga gefe, kyamara tana daidai da fuska, a ga layin tudun daga wuya zuwa gindi. Ya kamata ya tafi sumul ba kwari a ƙarƙashin jaki, ba kumburi a bayansa. Ka dubi bakunan ramin f biyu, na ciki da na waje, ko na ciki ya sauka ƙasa sosai. Ka dubi 'yan ƙafafun juyawa biyu da ake ɗaga jaki da su: idan an murɗa su har zaren kusoshin ya fito da tsawo, wataƙila ana bin fuskar da take sauka ne. A tsofaffin Gibson masu rami ɗaya mai siffar ƙwai, matokari guda ne a gicciye ƙasa da ramin, kuma sakinsa sananniyar matsala ce. Idan an gano da wuri, manna shi kawai ake yi, idan an bari tsirkiyoyi suna danna wa shekaru, fuskar tana iya ƙin komawa yadda take.

Layin da ke mahaɗar wuya da jiki shi ma fuska biyu gare shi. A wannan lungu shafe yakan taru ya yi kauri, kuma tun da katakon wuya da na jiki ba sa motsi iri ɗaya, shafen yakan tsage ya bar siririn layi ko da mahaɗar tana nan daram. Wannan ana ganin sa a kayan kiɗa masu lafiya da yawa. Amma idan wuya ya fara ɗagowa gaba saboda jan tsirkiya, gibin yakan fara ne daga dunduniyar wuya ta baya, ya fi fāɗi a ƙasa, ya tsuke yayin da ya nufo sama. Ka ce a gwada cusa bakin siririyar takarda a cikin layin. Idan ta shiga, mahaɗa ta buɗe. Ka nemi hoton ɗan harshen katakon baya da ya rufe dunduniyar, domin idan shi ya tsage a gicciye, wuyan ya riga ya motsa. Sannan ka nemi awo, wanda shi ne shaidar da ba ta ƙarya: tazarar da ke tsakanin saman firet na 12 da ƙasan tsirkiya. A mandolin da aka saita da kyau tana wajen milimita 1.5, ta ɗan ɗara a tsirkiyoyi masu kauri, ta ɗan gaza a sirara. Idan ta haura milimita 2.5 alhali jaki yana can ƙasa ba sauran inda za a sauke shi, to kusurwar wuya ta canza. Cire wuya a sake dasa shi babban aiki ne, kuma a mandolin mai araha kuɗin aikin yana iya kamo kuɗin abin kansa ko ya wuce.

Tun da muna kan wuya, ka tambaya ko yana da sandar ƙarfen da ake murɗawa a miƙe shi, kuma ko tana juyawa. Kamfanin Gibson ya fara sa wannan sanda a farkon shekarun 1920, bisa ƙirƙirar ma'aikacinsa Thaddeus McHugh, don haka waɗanda aka yi kafin lokacin ba su da ita, haka ma tsofaffin mandolin masu zagayayyen baya irin na Italiya. A cikinsu idan wuya ya lanƙwashe ba kusar da za a murɗa ta gyara shi. Ka kuma nemi hoton bayan kai, daidai inda wuya ya lanƙwasa ya zama kai, domin nan ne yake karyewa idan abin ya faɗi. Idan launin wurin ya fi na sauran wuya duhu, kamar an fesa masa wani shafe daban, sau da yawa karaya aka ɓoye. Karayar da aka ɗora da kyau tana riƙewa, amma tana rage daraja ƙwarai, kuma wajibi ne a faɗe ta. Wannan daban yake da ɗan lanƙwasasshen adon da ke jikin kan mandolin samfurin F, irin na Monroe, wanda yake yawan ɓallewa a manna shi. Shi ba ya ɗauke da nauyin komai.

Lotsawar gefe ba ta da wata doguwar magana. Idan shafe ne ya fashe katako ya ɗan danne, tabo ne kawai. Abin dubawa shi ne ko bugun ya raba fuska ko baya da gefe, ko ya tsaga katakon gefen. Haka ramukan tsofaffin sukurori, da sawun maƙalen da ake ɗora hannu a kai, da tsatsa a kunnuwan ɗaure tsirkiya matuƙar suna juyawa. Amma akwai tabo iri biyu da suke kama da na ado alhali ci suke yi gaba. Na farko shi ne ruɓewar salulod, robar da ake yin garkuwar da ke kare fuska daga ƙarzuwa da ƙawanyar gefe da ita a tsofaffin kayan kiɗa. Idan ta fara lalacewa tana tsattsagewa kamar ƙanƙara, tana fitar da iska mai guba ga ƙarfe, sai ka ga firet da sukurorin da ke kusa da ita sun yi tsatsa ko kore, shafen ƙarƙashinta ya ɓaci, kuma rufe ta cikin akwati yana ƙara tsananta abin. Garkuwa cire ta kawai ake yi a huta, amma sauya ƙawanyar jiki duka aiki ne mai cin lokaci da kuɗi. Na biyu shi ne wurin da maratayin leda na roba ko robar mazaunin ajiya ya taɓa shafen nitro ya narkar da shi. Wani lokaci wurin yakan zauna da danƙo ba ya sake bushewa. Wari ma ka tambaya, na hayaƙin taba ko na rima, tun da hoto ba ya kawo shi, kuma warin rima yana nufin an ajiye abin a wuri mai laima.

Firet ɗin da suka ci ba tabon ado ba ne, ba kuma lalacewar jiki ba ce. Kaya ne masu ƙarewa da aiki. A mandolin suna saurin yin kwari a firet biyar zuwa bakwai na farko, musamman ƙarƙashin siraran tsirkiyoyi. Ka nemi hoto na kusa an ɗan ture tsirkiya gefe. Kwari marar zurfi ana goge shi a daidaita, mai zurfi kuwa sai an sauya, kuma kuɗin wannan ya kamata ya fita daga farashi.

Ni a wajena mandolin ɗin da ya fi ba ni tsoro shi ne tsohon da yake ƙyalli kamar jiya aka yi shi. Sake shafe yana zubar da darajar tsohon abin kiɗa mai suna sosai a wajen masu tara irinsu, kuma idan an kankare fuska da takardar yashi kafin a shafa, an rage mata kaurin da ba zai dawo ba. Alamunsa su ne shafe ya hau kan ƙawanya ko ya malala cikin bakin rami, tsofaffin tabo suna kwance ƙarƙashin sabon ƙyalli, gefunan da ya kamata su yi kaifi sun zama dunƙule. Masu sana'a suna haska fitilar nan mai shuɗin haske ta gano jabun kuɗi, domin tsohon shafe da sabo ba sa haskawa iri ɗaya a ƙarƙashinta. Idan mandolin ɗin na masana'anta ne mai matsakaicin kuɗi kuma kaɗawa za ka yi, wannan bai kai ya tayar maka da hankali ba, sai dai idan an lafta shafen da kauri a fuska har ya danne sauti.

Kalmomin da shafukan sayarwa suke sa wa kaya, irin su "mai kyau ƙwarai" ko "mai kyau", galibi mai sayarwa ne yake zaɓa da kansa, don haka ba su kai hoto ɗaya mai kyau nauyi ba. Ka rubuta tambayoyinka ta cikin saƙon shafin, ba ta waya ba, domin amsar ta zama shaida idan kaya suka iso ba yadda aka kwatanta ba. Ka tambaya kai tsaye ko akwai tsaga, ko an taɓa wani gyara, ko an sake shafe, ko an sauya wani ɓangare, ka kuma nemi hoton takardar ciki da lambar ƙira. Yadda mutum ya amsa ma bayani ne: wanda ya kawo hotunan da aka nema, har ya nuna tabon da ba ka gani ba, ya cancanci amana, wanda yake maimaita cewa lafiya ƙalau yake ba tare da hoto ba, sai a ce masa Allah ya kawo kasuwa. Ka nemi a ba ka damar dubawa da mayarwa, wanda a wannan sana'a kwana biyu abu ne da aka saba, ku kuma yi magana tun kafin biya a kan wanda zai ɗauki kuɗin mayarwa. A wajen aikowa, a sassauta tsirkiyoyi, a cire jaki a naɗe shi daban ko a tallafe shi, a cushe kewayen kai yadda ba zai girgiza ba. Idan ya iso a lokacin sanyi, ka bar kwalin a rufe cikin ɗaki kamar kwana ɗaya kafin ka buɗe, don kada ka haifar da irin layukan da kake tambaya a kansu da hannunka, sannan ka ɗauki hotuna yayin buɗewa.

Game da farashi, ka gwada da kuɗin da aka sayar da irinsa a zahiri, ba kuɗin da masu shi suke nema ba. Tabon ido yana jawo ragi, amma ka tuna kai ma ragin za ka yi ranar da za ka sayar, kuma ban ba ka shawarar kashe kuɗi wajen ɓoye shi ba, domin facin shafe sau da yawa ya fi tabon asali fitowa. Abin da ya shafi katako ko mahaɗa kuwa, ka tura hotunan ga mai gyaran kayan kiɗa ya faɗa maka kuɗin aiki, ka cire wannan daga tayinka, ka ƙara da kuɗin sabbin tsirkiyoyi da saiti, wanda kusan kowane mandolin na hannu yake buƙata. Ka kuma yi wa kanka gaskiya a kan idonka: akwai wanda tabon fuska zai riƙa sosa masa rai duk lokacin da ya buɗe akwati har ya rage kaɗawa, kuma irin wannan mutum gara ya ƙara kuɗi ya sayi mai tsabta.

A kan wannan da ka gani, ka nemi abu huɗu kafin komai: hoton baƙin layin da tocila a ciki, bidiyon danna gefensa, gwajin takarda a dunduniyar wuya, da awon tazara a firet na 12 tare da hoton jaki daga gefe. Idan haske bai ɓullo ba, takarda ba ta shiga ba, tazarar tana ƙasa da milimita 2 kuma jaki yana da sauran wurin sauka, ka taya da ragin ƙarzuwa da lotsawa ka saya. Idan layin fuska tsaga ce gajeriya ta wajen gefe amma wuya lafiya, ka saya bayan an cire kuɗin gyara, ka kuma bar tsirkiyoyi a sake har mai gyara ya manne ta. Idan takarda ta shiga mahaɗar wuya, ko tsagar ta nufi ƙarƙashin jaki, ka bar shi ka nemi wani, sai fa idan tsohon abu ne mai daraja da mai gyara ya gani ya ce aikin ya cancanci kuɗinsa.